Kuɗin wuta a Abuja da maƙwabta: farashi ɗaya, awanni daban

Ƙorafin da aka fi ji a bakin magidanta a Jabi, daga Dakibiyu har bakin tasha, shi ne kamfanin AEDC ya fi kowa tsada, wai don yana ganin duk mazaunin Abuja mai kuɗi ne. Wasu har sukan kafa hujja da 'yan'uwansu na Kano ko Kaduna, waɗanda a cewarsu ba sa biyan ko rabin abin da ake biya a nan. Ƙorafin yana da tushe, amma ba a inda ake nuna yatsa ba.

AEDC na raba wuta a Abuja da jihohin Neja, Kogi da Nasarawa. Maƙwabtansa ta arewa su ne kamfanin Kaduna mai kula da Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, da na Jos mai riƙe da Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, sai KEDCO can gaba a Kano, Katsina da Jigawa. Tun da aka sayar da su a 2013 da 2014, babu wanda ke yanka wa kansa farashi. Aikin hukumar NERC ne. Ita ce a 2020 ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Ita ce kuma ranar 3 ga Afrilun 2024 ta ɗaga farashin rukunin A daga naira sittin da 'yan kai zuwa 225 kowane yunit, a duk faɗin ƙasa. A watan Mayu aka sauko da shi 206.80, a Yuli ya koma 209.50. Don haka mai gida a Jabi da takwaransa na Nasarawa GRA a Kano, in dai dukansu rukunin A ne, kusan kuɗi ɗaya suke biya.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin wannan layi da wancan. Wanda ke rukunin A in ya sayi katin naira dubu goma, bayan an cire harajin kashi 7.5, yunit 44 zai gani a mita. A gidan da ke da firji, da fanka uku, da famfon jawo ruwan rijiyar burtsatse, mako ba zai zagayo ba mita za ta fara kuka, uwar gida ta shiga zaga ɗakuna tana kashe ƙwayaye tana faɗa da yara kan dutsen guga. Wanda ke rukunin B, da wannan dubu goman, zai samu fiye da ninki uku, domin an bar farashin rukunan B zuwa E yadda yake tun Disambar 2022, gwamnatin tarayya na cike giɓin da tallafi. A waɗannan rukunai akwai ɗan bambanci tsakanin kamfani da kamfani, amma na 'yan nairori ne. Ratar da ke tsakanin gidaje biyu a unguwa guda ta fi wadda ke tsakanin Abuja da Katsina nesa ba kusa ba. Kuma ba wanda aka tambaya wane rukuni yake so: layin da ya biyo ta ƙofar gidanka shi ya yanke maka hukunci, ko kai darakta ne ko tela mai keke ɗaya.

Adalci ne a faɗa cewa a wajen awanni Abuja ta fi maƙwabtanta morewa. A tsarin rabon wutar ƙasa da aka daɗe ana bi, AEDC na da kashi 11.5 cikin ɗari, Kano da Kaduna kashi 8 kowanne, Jos 5.5. A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir kuma ya faɗi, jihohin arewa da dama sun kwashe kwanaki a duhu, masu ƙanƙara da masu markaɗe suka tafka asara, alhali Abuja na da wutarta. Kamfanin Kaduna kuwa, a Janairun shekarar NERC ta rushe hukumar gudanarwarsa saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. Yunit mai araha da ba ya zuwa, mai shago a Sabon Gari ya san da man janareta ake cike shi.

Wannan bai wanke AEDC ba. Kwanaki kaɗan bayan ƙarin Afrilu, NERC ta ci tararsa naira miliyan 200 saboda ya ɗora sabon farashin kan mutanen da ba sa cikin rukunin A. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi kuɗin awa 20 bai da hujjar kawo 12. Dokar hukumar ta ce in layi ya gaza cika alkawari kwana bakwai a jere, a sauke shi zuwa rukuni na ƙasa. Mutum nawa a Jabi ko Utako suka san sunan layin da suke kai, balle su ƙirga masa awanni? Wanda ba shi da mita kuma, ana aiko masa da bil na kintace, ko maganar farashin yunit ba ta shafe shi ba.

Akwai wani nauyi da Abuja ke ɗauke da shi fiye da kowa. A Fabrairun 2024 AEDC ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da yake bi bashin kusan naira biliyan 47, har da Fadar Shugaban Ƙasa. Kamfanin da manya suka riƙe wa kuɗi, a kan mai mita yake hucewa. Ita fadar, a kasafin 2025, ta ware wa kanta naira biliyan 10 na sola.

Sabon abin lura shi ne dokar lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi damar kafa hukumominsu. Enugu ta yi amfani da damar ta rage rukunin A zuwa naira 160 daga Agustan 2025, wato yunit 58 a dubu goma. Kamfanonin samar da wuta sun yi ca a kai, suna cewa an gina ragin kan tallafin da gwamnatin tarayya ba ta gama biyansu ba, kuma maganarsu abar dubawa ce. Duk da haka, an ga cewa farashin na iya motsawa in akwai mai tsaya wa jama'a. Kogi da Neja, waɗanda ke cikin yankin AEDC, sun karɓi ikon kula da kasuwarsu. Abuja ba jiha ba ce, ba ta da majalisar dokoki sai ta tarayya, saboda haka tana hannun NERC. Ana iya wayar gari Minna da Lokoja na da farashinsu, Jabi na kallo.

Muna kira ga NERC ta tilasta wa AEDC ya riƙa buga sunan layi da awannin da ya bayar a wata a jikin kowane rasitin kati, da Hausa da Turanci, kuma giɓin da aka samu a mayar wa mutane yunit ba tare da sun rubuta takardar koke ba. Sanatar Abuja da 'yan majalisar wakilai biyu na birnin su kai maganar zaure, su nemi a cire kuɗin wutar ma'aikatu kai tsaye daga kasonsu kafin ya shiga asusunsu.