Rabon Kuɗin Wuta A Gidajen Haya Na Batsari Da Safana

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, gardamar kuɗin wutar lantarki takan taso a gidajen haya na garuruwan Batsari da Safana da ke yammacin Jihar Katsina. Mita ɗaya ce a gida, wani gidan ma babu ita, amma masu shan wutar kowa da ɗakinsa, kowa da kayan da yake kunnawa.

Sanin kowa ne cewa waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna maƙwabtaka da Dajin Rugu. Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta daga 2019 sun koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, ɗakunan haya suka cika. A gida ɗaya akan sami malamin makaranta, da ma'aikacin asibiti, da manomin da ya baro gonarsa. Al'adar da aka saba ita ce a raba kuɗin wata daidai bisa yawan ɗakuna.

A ido wannan rabo ya yi kama da adalci, alhali kuwa lissafi bai goyi bayansa ba. Hitar dafa ruwan wanka mai ƙarfin wat 1,500 tana cin yunit ɗaya da rabi cikin awa guda. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 150 yana ci kafin ya sha haka. Ashe ke nan wanda ya dafa ruwa na awa ɗaya da asuba ya cinye wutar da maƙwabcinsa mai ƙwai ɗaya zai kwana 30 yana sha, in yana kunnawa awa biyar kullum. Idan aka raba kuɗin daidai, mai ƙaramin ƙarfi ne yake biya wa mai hali ruwan zafi.

Sai kuma wutar da ba ta kowa ba, amma kowa yana mora: ƙwan zaure, da na tsakar gida, da na banɗaki, da injin jawo ruwa a gidan da yake da rijiyar burtsatse. Nan ne rabo daidai ya dace, amma da yake an cakuɗa ta da wutar ɗakuna, ba a sanin nawa ta ci. Ƙarshenta wani ya cire ƙwan zaure don fushi, gida ya kwana cikin duhu a yankin da duhu yake da hatsari.

Matsalar ta samo asali daga ƙarancin mita, wanda ya daɗe tun zamanin NEPA da aka kafa a 1972. A watan Nuwamba na 2013 kamfanin KEDCO ya karɓi rarraba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta fito da tsarin samar da mita ta hannun 'yan kasuwa a 2018, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da rabon mita kyauta a ƙarshen 2020. Duk da haka miliyoyin masu amfani da wuta a ƙasar nan suka ci gaba da biya bisa ƙiyasi.

Akwai ƙa'idoji da suke kare ɗan haya, sai dai ba kowa ya san su ba. A watan Fabrairu na 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta wa marar mita, kuma a Fabrairun 2024 ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 kimanin Naira biliyan 10.5 saboda ƙetare iyakar. Hukumar ta kuma bayyana cewa ba a ɗora wa sabon ɗan haya bashin da wani ya bari. Bugu da ƙari, an ware rahusa ta musamman ga wanda ba ya wuce yunit 50 a wata. Mai ɗaki ɗaya da ƙwai biyu zai iya cancanta, amma muddin sunansa bai fito a takardar kamfani ba, wannan sauƙi ya wuce shi.

Jinkiri ba zai yi amfani ba. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga farashin yunit na rukunin A, masu samun wutar awa 20, daga Naira 68 zuwa 225. Ƙarin bai shafi sauran rukunoni ba a lokacin, amma ya nuna inda aka dosa. Duk sa'ad da farashi ya hau, zaluncin da ke cikin rabo daidai yakan ƙaru tare da shi.

Saboda haka ya kamata masu gidaje su nema wa kowane ɗaki mitarsa. Inda hakan bai samu ba, ƙaramar mita ta cikin gida tana nuna abin da kowa ya sha. A cire jimlar ɗakuna daga karatun babbar mita, abin da ya rage shi ne na zaure da tsakar gida, a raba shi daidai. A rubuta wannan cikin yarjejeniyar haya a gaban mai unguwa tun ranar karɓar makulli.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Idan Jihar Katsina za ta yi amfani da wannan dama, to kada a manta da gidan haya mai ɗakuna da yawa, domin a nan ƙaramin ma'aikaci da ɗalibi da ɗan gudun hijira suke kwana.