Kitso Ba Sai Ya Yi Zafi Ba

A wannan makon ni aka ba filin ra'ayi a allon ƙungiyarmu ta 'yan jarida. Na san wasu za su ce, duk matsalolin da ke makarantar nan ba a sami abin rubutu ba sai gashi? Ku dai karanta zuwa ƙarshe kafin ku yanke hukunci. Maza ma kada ku wuce, akwai naku a ƙasa.

Ana saura kwana biyu ƙaramar Sallar bara, Inna ta ba ni kuɗi na je gidan wata mai kitso. Na ce mata ina son ƙanana, waɗanda za su kai ni har a koma makaranta. Ta danne kaina tsakanin gwiwoyinta, ta kama har ɗan gashin goshi da bai isa kamu ba. Ina hawaye tana cewa, "Daure 'yata, ado sai da wuya." A daren nan ban iya ɗora kaina a matashi ba, sai da na sha maganin ciwon kai. Da safe ƙananan ƙuraje suka fito a bakin goshina. Ko dariya na yi sai in ji fatar kaina tana ja. Amma duk wanda ya gani sai ya ce kitso ya yi kyau, ni kuma na ji daɗi, na bar shi har mako biyar.

Ranar da na tsefe, gashin gefen goshina duka biyu ya biyo kibiya. Wurin ya yi sumul kamar an aske. Da muka koma makaranta, ina alwala na ɗaga hijabi zan shafi kai, wata ta hango ta ce goshina ya kusa kai ƙeya. Aka kwashe da dariya. Na fi wata biyu ina neman lungu duk lokacin da zan yi alwala.

Kakata ta wajen uwa tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Ngaski, kusa da Wara. Tana yarinya aka gama madatsar ruwan Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungunsu, aka mayar da su tudu. Yanzu ta haura shekara sittin, kanta ya yi fari, amma gashin goshinta yana nan cif. Da ta zo Yelwa cin kasuwa ta sauka gidanmu, ta zare ɗankwalina ta duba, ta ce, "Wa ya yi miki wannan aika-aika?" Daga nan ta kafa doka. Ba ni ba ƙananan kitso sai ta ba da izini. Duk Asabar Inna za ta wanke mini kai da karkashi, ta shafa man kaɗe, ta yi mini manya guda shida sako-sako. Wajen wata huɗu sai ga ƙananan gashi sun fara tsirowa a wurin.

Na tambayi malamarmu ta kimiyya dalili. Ta ce kowane silin gashi yana da saiwa a cikin fata. In ana jan sa da ƙarfi kullum, saiwar takan gaji ta saki gashin. In an daina da wuri, zai dawo. In kuwa aka shekara da shekaru ana ja, saiwar tana mutuwa, wurin ya zama tabo, kuma babu man da zai sake tsirar da gashi a nan. Ta ƙara da cewa gashi yana ƙaruwa da kusan santimita ɗaya ne kawai a wata. Ke nan abin da kitso ɗaya ya cire, sai an yi watanni ana jiran sa.

Wannan ne ya sa nake da ra'ayin cewa yawancinmu mu ne muke lalata gashinmu da hannunmu, kuma har kuɗi muke biya a lalata mana. Abin da gashi yake so kaɗan ne, kuma kusan duka yana cikin gidajenmu ko kasuwarmu. Ga abin da na koya daga Kaka da malama da kuma wuyar da na sha.

Na farko, kitso. In ana yi miki kika ji zafin da ba ki iya ɗaga gira, ki buɗe baki cikin ladabi ki ce, "Anti, don Allah a sassauta." Kan naki ne, kuɗin na iyayenki ne. Ki roƙa a bar ɗan gashin goshi kada a kama shi. Kada kitso ya wuce mako biyu zuwa uku a kanki. Kuma ki riƙa canza salo, in yau shuku ne, nan gaba a yi na baya, don kada wuri ɗaya ya riƙa shan ja kullum.

Na biyu, wanki. Sau ɗaya a mako ya isa ga yawancinmu, sai dai in an yi wasa a yashi ko an yi zufa sosai. Wasu suna wanke kai da garin sabulun wankin kaya wai ya fi fitar da dauɗa. An yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, shi ya sa yake barin gashi a bushe kamar tsintsiya. Sabulun salo ko sabulun wanka marar ƙarfi ya fi. Karkashi kuwa, wanda muke miya da shi, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ki tace, ki shafa a gashi, ki bar shi ɗan lokaci sannan ki ɗauraye. Yauƙin nan ne yake sa gashi ya warware, mataji ya wuce ba tare da fizga ba. Ki wanke fatar kai da tafin yatsu, ban da farce. Waɗanda ke wanka a bakin kogi kuma, in kun dawo gida ku ɗauraye kai da ruwan rijiya ko na famfo, domin yashin da ya maƙale a kitso yana kawo ƙaiƙayi.

Na uku, shanyawa. Wannan ya shafe mu sosai tun da muna yini cikin hijabi. In kin wanke kai da safe kika rufe shi a jiƙe kika taho makaranta, zafi da laima za su haɗu a ciki, kai ya yi wari, ƙaiƙayi ya ƙaru. Ki wanke ranar da ba makaranta, ki zauna a tsakar gida ya sha iska har ya bushe. Hijabi da ɗankwali ma a riƙa wanke su, domin babu amfanin kai mai tsabta a cikin ɗankwali mai dauɗa.

Na huɗu, mai. Malama ta ce fatar kai tana fitar da mai nata, amma irin gashinmu a nannaɗe yake, man ba ya saurin gangarowa zuwa ƙarshen sili. Shi ya sa bakin gashinmu yake bushewa yana karyewa, musamman da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko leɓe tsagewa yake yi. Ki yayyafa ruwa kaɗan tukuna, sannan ki murza man kaɗe ko man kwakwa a tafin hannu ki shafa, domin mai yana riƙe laimar da ya tarar ne. Kaɗan ya isa. In kika lafta da yawa, ƙurar hanya ce za ta manne.

Na biyar, tsefewa da tajewa. Kada ki tsefe kitso da gaggawa don za ki makara. Ki sa ɗan ruwa da mai, ki fara warwarewa da yatsu, sannan ki ɗauki mataji mai manyan haƙora, ki fara daga ƙarshen gashi kina hawa zuwa tushe. In kin ga gashi a mataji kada hankalinki ya tashi. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kuma in kina da kitso a ciki suke taruwa har ranar tsifa. Abin tsoro shi ne ki ga wani wuri ya yi fili.

Na shida, man miƙar da gashi, wanda muke kira shamfo. Wasu daga cikinsu da soda ake haɗa su, irin wadda ake dafa sabulu da ita. Yana miƙar da gashi ne ta hanyar raunana shi, kuma in ya daɗe a kai yana ƙona fata. Na ga yarinyar da ba ta kai shekara goma ba an shafa mata saboda biki, kanta ya yi ɓawon ciwo. A ganina yarinya mai shekarunmu ba ta da buƙatarsa ko kaɗan.

Na bakwai, abinci. Da sinadarin gina jiki ake yin gashi, kuma ƙarancin jini yana sa shi zuba. A nan Allah ya hutar da mu. Daga wasu jihohi ake zuwa Yauri sayen kifi. Ga wake, ga gyaɗa, ga ƙwai, ga zogale. Wadda take kashe kuɗin tararta a alewa da lemon kwalba, sannan ta roƙi kuɗin man gashi mai tsada, ta sake lissafi.

Yanzu maza, ga naku. A kowane aji akwai masu makero, farin tabon nan mai zagaye da ke cin gashi. Ƙwayar cuta ce take kawo shi, kuma tana bin kilifa da mataji da hula daga wannan kai zuwa wancan. In ka je aski, ka duba ko an goge kilifar da sifirit kafin a ɗora maka. In reza ce, a ɓare sabuwa a gabanka, domin rezar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar ciwon hanta. Ka daina aron hula da mataji. Makeron kai kuma shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, sai an je asibiti an karɓi maganin sha na makonni.

Kwarkwata ma haka take yawo, ta haɗa kai da aron ɗankwali, kuma tana kama mai tsabta da marar tsabta. Ina roƙonku don Allah kada wanda ya yarda a zuba masa kananzir ko fiya-fiya a kai. Guba ce, tana shiga ta fata, tana iya kisa. A nemi magani a asibiti, a taje jiƙaƙƙen gashi da mataji mai ƙananan haƙora, a wanke ɗankwali da rigar matashi da ruwan zafi a shanya a rana.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce kitso sako-sako ba ya daɗewa, kuma ba kowace uwa ce take da kuɗin kitso duk mako biyu ba. Wannan gaskiya ne, a gidanmu ma haka ne. Amma manyan kitso ba sai an je gidan mai kitso ba. Ni da yayata yanzu mu muke yi wa juna ranar Lahadi da yamma. Na farkon da na yi mata ya karkace kamar hanyar shanu, yanzu kuwa hannuna ya fara faɗawa.

Wasu kuma za su ce man kaɗe na 'yan ƙauye ne, kuma yana da wari. Warin gaskiya ne, amma kaɗan ake shafawa. Batun ƙauyanci kuwa, Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa ƙwarar kaɗanya a duniya. Ana fitar da ita Turai da sauran ƙasashe, a sa man a cikin mayuka masu tsada, a dawo mana da su a kwalba mai hoto. A watan Agustan 2025 ma gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida. Abin da matan ƙauyukanmu suke tsintowa da damina su dafa su daka da hannunsu, shi ne wasu ƙasashe suke nema da kuɗinsu, mu kuma muna jin kunyarsa.

Ina da roƙo biyu ga hukumar makaranta. Ranar da ake duba farce da kayan makaranta, in an ga mai makero ko kwarkwata, a kira shi gefe a ba shi takarda ya kai wa iyayensa. In aka fito da shi gaban taro, gobe ɓoyewa zai yi, cutar ta ci gaba da yaɗuwa a aji. Na biyu, a gayyato ma'aikaciyar lafiya ko sau ɗaya a zango ta yi mana bayani a kan waɗannan abubuwa, maza da mata.

Mu kuma ɗalibai, mu daina yi wa juna dariya a kan abin da ke ƙarƙashin hula ko hijabi. Wadda ta yi mini dariya bara, a zangon nan ta zo a ɓoye tana tambayata yadda ake jiƙa karkashi, domin nata goshin ya fara ja da baya. Na nuna mata, har na ɗebo mata man kaɗe daga wanda Kaka ta aiko.

Sallah za ta sake zuwa in Allah ya kai mu. Ranar da kika zauna gaban mai kitso, ki tuna da goshina, ki ce a sassauta. Mai ƙarin bayani ko wanda bai yarda da ni ba, ya rubuto ya ba shugaban ƙungiya, za mu liƙa a allon mako mai zuwa.

Wassalam.

Daga 'yar uwarku ta aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida.