Dokar da Ba Ta Kama Kowa Sai Yaro

Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta shafe shekara da shekaru tana tutiya da wata doka, wai don kare mutuncin wasa. Dokar ta ce attajirin da ke ɗaure wa ƙungiyar jami'a gindi ba zai bai wa yaron da ake zawarci ko danginsa ko sisi ba. In kuwa ya bayar, yaron ne za a hana buga ƙwallon kwando. Shi attajirin sai ya koma gida ya yi kwanciyarsa.

Jama'a, wannan ake kira adalci?

Ku dubi abin da aka yi wa James Wiseman. A 2017, yana ɗan shekara 16, mahaifiyarsa ta karɓi dala 11,500 daga hannun Penny Hardaway don su tashi daga Nashville su koma Memphis. A lokacin Hardaway yana horar da 'yan sakandare ne, sai a 2018 jami'ar Memphis ta ɗauke shi koci. To ina laifin? Wai a 2008 ya taɓa bai wa jami'ar kyautar dala miliyan ɗaya, don haka a idon doka ya zama mai ɗaure mata gindi har abada. Shekarar da aka yi waccan kyauta, Wiseman yana da shekara bakwai a duniya.

Jami'ar ta ce yaron bai ma san an ba da kuɗin ba. Hukumar ko a jikinta. A 2019 ta dakatar da shi wasa 12, ta kuma ce ya biya dala 11,500 ga wata ƙungiyar agaji. Yaron da doka ta hana shi samun ko kwabo da wasansa, daga ina zai samo kuɗin tara? Wasa uku kacal ya buga wa jami'ar, a watan Disamba ya tattara kayansa ya bar ta.

Sai a 2022 kwamiti mai zaman kansa da ya binciki lamarin ya ce Hardaway ya daɗe yana taimakon mutanen Memphis, taimakon nan ba saɓa doka ba ne. Koci ya ci gaba da aikinsa. Jami'a ta biya tarar dala 5,000 da ɗan wani kaso na kasafin ƙungiyarta. Shi yaron fa, wa ya mayar masa da kakar wasan da aka ƙwace? Wa ya ce masa ko da yi haƙuri?

Na Silvio De Sousa ya fi ciwo. Ɗan Angola ne, ya baro iyayensa yana ƙarami, ya faɗa hannun mariƙi a ƙasar da bai san kanta ba. Wani wakilin kamfanin Adidas ya bai wa mariƙin dala 2,500. A watan Fabrairun 2019 hukumar ta yanke wa yaron hukuncin zaman benci har ƙarshen kakar gaba, ta kuma faɗa ƙarara cewa ko ya sani ko bai sani ba, laifin wanda ya tsaya masa laifinsa ne. Da ƙyar ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin, bayan kaka guda cur ta riga ta salwanta.

Ga kuma yadda aka yi da manya a jami'ar Kansas, inda De Sousa ke wasa. A 2021, tuhuma na rataye a wuyan ƙungiyar, jami'ar ta bai wa koci Bill Self kwantiragin da ba shi da ranar ƙarewa. A 2022 suka ci kofin ƙasa. A watan Oktoban 2023 aka sassauta tuhume-tuhumen, aka soke nasarorin wasannin da De Sousa ya buga a 2018, wata guda bayan nan aka sabunta wa kocin kwantiragi a kan dala miliyan 53 cikin shekara biyar.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Brian Bowen kuwa ko wasa ɗaya bai buga a jami'a ba. An yi wa mahaifinsa alƙawarin dala 100,000 don ya je Louisville, asiri ya tonu a 2017, aka rufe wa yaron ƙofa ruf, sai Ostareliya ya tafi neman inda zai buga wasa. An sallami kocinsa Rick Pitino, ba mu ce a'a ba. Amma a 2020 jami'ar Iona ta ɗauke shi, a 2022 kwamitin bincike ya wanke shi, a 2023 ya koma St. John's da ganga da kalangu. Babba yana da dama ta biyu da ta uku. Yaro mai shekara 18 ba shi da ko ta farko.

A wannan badaƙalar ta 2017, hukumar FBI ta kama mutum goma. Huɗu daga ciki mataimakan koci ne, dukansu baƙar fata, biyu har sun kwana gidan yari. Babban koci ko ɗaya ba a gurfanar ba. Kowa ya yi wa kansa fassara.

Masu kare dokar kullum uzurinsu ɗaya ne: in aka saki linzami, jami'o'i masu kuɗi za su saye gwanaye su bar sauran da hamma. Yaushe ne ba su saye ba? Daga 1964 zuwa 1975 jami'ar UCLA ta ci kofi goma, kuma duk mai bin wasan ya san hidimar da attajiri Sam Gilbert ke yi wa 'yan wasanta. Sai a 1981 hukumar ta farka ta ce a nesanta shi da ƙungiyar. Kofunan goma suna nan daram, ba wanda ya taɓa su.

In har cinikin haramun ne, me ya sa ba a kama mai saye ba? Amsar ba ta da daɗin ji. Hukumar ba kotu ba ce, ba ta da ikon tilasta wa attajiri ya zo ya amsa tambaya. Iyakarta ta ce jami'a ta yanke hulɗa da shi. Koci yana da lauyoyi, jami'a tana da lauyoyi, kuma jami'o'in nan su ne suka haɗu suka zama hukumar, su ne ke rubuta dokar. Yaro ne kaɗai ke tsaye ba kowa a bayansa, shi ya sa sandar ke sauka a kansa.

Kar kuma wani ya ce mana ana tsare wasan ne daga sharrin kuɗi. Wane kuɗi? A 2010 hukumar ta sayar wa gidajen talabijin na CBS da Turner izinin nuna gasar kofin ƙasa ta watan Maris a kan dala biliyan 10.8. A 2016 aka tsawaita cinikin zuwa 2032 a kan ƙarin dala biliyan 8.8. Shugabanta na lokacin, Mark Emmert, ya kwashi kusan dala miliyan uku a 2019, shekarar da aka ce Wiseman ya biya tara. Kuɗi halal ne a aljihun kowa, sai ya kusanci mahaifiyar ɗan wasa yake zama najasa.

Da suka zo sassauta dokar kuma, ba tausayi ne ya sa ba, kotu ce ta murɗe musu hannu. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara, ba wanda ya ware, suka kayar da hukumar a shari'ar Alston. Ranar 1 ga Yuli aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗin talla. Kafin shekara ta zagayo, attajiri John Ruiz ya shelanta da kansa cewa kamfaninsa zai biya Nijel Pack dala 800,000 da mota, a daidai lokacin da yaron ya koma jami'ar Miami. Ba a dakatar da kowa ba.

Dala 11,500 ta ci kakar wasan wani a 2019. Dala 800,000 ta zama abin tafi a 2022. Wace ɗabi'a ce ke canza launi cikin shekara uku?

Da aka nemi hukumar ta waiwayi waɗanda ta hukunta a baya, sai ta ce a watan Yulin 2021 ba za ta sake duba tsofaffin hukunce-hukunce ba. Wato dokar ta mutu, amma tabon da ta bari a sunan yara yana nan. A watan Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya tilasta biyan diyyar kusan dala biliyan 2.8, ya kuma bai wa kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Diyyar ta fara ne daga 'yan 2016. Waɗanda suka riga su, sai dai su rungumi ƙaddara.

Har yanzu ma ba a daidaita ba. Yaran da ke zuwa daga ƙasashen waje, ciki har da na Afirka, bizar ɗalibai ta hana su yin aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe ɗan Kongo, gwarzon ɗan wasan jami'o'i na 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je tsibirin Bahamas kana ya sami damar ɗaukar tallace-tallacensa. Abokan wasansa kuwa suna karɓar nasu a ƙofar gida.

Gyaran ba wani abu ne mai wuya ba, in da niyya. Wanda ya ba da kuɗi da wanda ya ci moriyar zuwan yaron su za a tuhuma: a ci jami'a tarar da za ta ji a jikinta, a dakatar da kocin da ya kau da kai. Kada a sake hukunta yaro kan abin da ba a tabbatar ya sani ba. A goge tabon da aka shafa wa waɗanda aka hukunta kan abin da yau ya zama halal, a ambaci sunayensu a ba su haƙuri a fili.

Ku kuma iyayen da ɗanku ya yi tsawo, wani ya zo da daɗin baki zai kai shi Amurka, ku tambayi wa zai riƙe shi, ku san abin da mariƙin ke karɓa da sunansa, ku sa a rubuta komai. Ranar da abu ya ɓaci, manya za su kira lauyoyinsu, ɗanku ne za a bari a benci.