Shan Magani Bai Isa Ba, Sai An Sake Auna Jini

Babu malamin makarantar da ya daɗe cikin aiki a ƙasar Zuru da bai taɓa ganin yaro ya yanke jiki ya faɗi a aji da farfaɗiya ba. Abin da aka saba shi ne a ce iska ce, a mai da yaron gida, daga nan karatunsa ya ƙare. Mu da muke aikin ilmi muna so mu jawo hankalin akawuna da malamai ga wani sanadi na wannan ciwo wanda yake da magani, da kuma wani aiki da ake yawan bari bayan an sha maganin.

Akwai wata irin tsila wadda alade yake ɗauke da 'ya'yanta cikin namansa. Wanda ya ci naman bai dahu sosai ba, sai tsilar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su riƙa fita cikin bayan gida. In ƙwayayen nan suka shiga bakin mutum ta ruwa, ko ganye, ko hannun da ba a wanke ba, sai su ƙyanƙyashe, su bi jini, wasu su zauna a ƙwaƙwalwa cikin 'yan jakunkuna masu ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da cutar ta yi yawa, kimanin 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce sanadinsu. Ga kuma abin da ya shafe mu: a 2010 masu binciken lafiyar dabbobi sun buga sakamakon aikin da suka yi a Zuru, inda suka sami 'ya'yan tsilar a jikin kimanin 14 cikin 100 na aladun da suka duba bayan yanka.

Kada wani ya ce shi ba ya cin naman, saboda haka ba ruwansa. A 1992 likitoci a Amurka sun ba da labarin cutar a gidajen wasu Yahudawa na birnin Niyok, waɗanda addininsu ya hana su cin alade. Daga hannun masu ɗauke da tsilar ƙwayayen suka kai gare su. Ashe magana ce ta tsabta da salga, ta shafi gari duka.

To, in likita ya tabbatar da cutar, yakan ba da albendazol, wani lokaci tare da farazikwantel, har kwana 10 zuwa 14, ya haɗa da maganin hana kumburi, don tsutsa in tana mutuwa ƙwaƙwalwa takan kumbura. Don haka ne bai kamata kowa ya sayi ƙwayoyin nan a kasuwa ya sha da kansa ba. Amma ƙarewar magani ba ita ce warkewa ba, gama sau da yawa wasu tsutsotsin sukan tsira. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Hanyar da likitoci suka fi amincewa da ita ita ce a sake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa bayan wata 6. Sai dai injin hoton nan a manyan asibitoci yake, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma manomi daga Dabai ko Ribah ba zai iya jure kuɗin mota da na hoto a kai a kai ba.

A nan ne awon jini yake da amfani, amma lalle a san iri biyu ne. Na farko yana neman makaman da jiki ya ƙera don yaƙar tsutsar. Wannan kamar toka yake, tana nan ko wuta ta daɗe da mutuwa, watau zai iya nuna alama shekaru bayan mutum ya warke. Na biyu yana neman abin da tsutsa mai rai take zubarwa cikin jini. Wannan kuwa kamar hayaƙi yake. In magani ya ci, sai adadinsa ya yi ta sauka. In ya ƙi sauka, ko ya sake hawa, likita ya san akwai sauran aiki. Cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta Antwaf a Beljiyam tana cikin waɗanda suka inganta irin wannan awo.

Wasu za su ce awon bai cika ba. Gaskiya ne. In tsutsa ɗaya ce tak, sau da yawa ba ta bayyana a jini, kuma wadda ta mutu ta ƙandare ba ta bayyana, alhali tabonta yana iya ci gaba da kawo farfaɗiya. Saboda haka awon jini ba ya maye gurbin hoto, kuma kada kowa ya daina shan maganin farfaɗiya sai da umurnin likita. Amma yana taimakon likita ya san wanda ya wajaba a tura nesa da gaggawa.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi shi ne a shirya yadda za a riƙa ɗibar jini a Babban Asibitin Zuru, kafin magani da bayansa, a aika inda za a auna. Awo ɗaya ba ya nuna hawa ko sauka, sai an gwada shi da na baya, kuma wannan aikin rajista ne wanda akawu ya fi kowa iyawa: suna, ranar awo, adadi, da ranar komowa. Malamai kuma su daina sallamar yaro don farfaɗiya, gama ba a ɗaukarta ta taɓa mai ita. Su shawarci iyaye su kai shi asibiti, su rubuta ranar komowarsa a littafin aji, su tuna musu in ta matso. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.