Mu Zana Taswirar Unguwarmu, Mu Ƙure wa Sauron Denge Gudu

Akwai wani sauro da ba ya jiran dare. Baƙi ne, ɗan ƙarami, da ɗige-ɗigen fari a ƙafafunsa. Yana cizo da safe, yana cizo da la'asar sakaliya, lokacin da gidan sauronmu ke naɗe a saman gado. Masana na kiransa Aedes. Shi ne ke yaɗa zazzaɓin denge, zazzaɓin da ke sa mutum ya ji kamar ana kakkarya masa ƙasusuwa, kai na sarawa, bayan ido na zogi.

Kada wani ya ce cutar nesa ce. A ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullarta a jihar Sakkwato, a Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni. A shekarar dai ta ɓulla a Abeshe ta ƙasar Chadi. A Burkina Faso kuwa ta kashe sama da mutum 600, akasari a Wagadugu da Bobo. 'Yan'uwanmu na Kasala da Gadarif a Sudan sun daɗe da saninta. Gemun maƙwabci ya kama da wuta, lokacin shafa wa namu ruwa ya yi.

To ga albishir. Wannan sauron ragon tafiya ne. Galibi ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda aka ƙyanƙyashe shi. A nan yake rayuwa, a nan yake cizo, a nan yake mutuwa. Idan yaro ya kwanta da denge a layinku, akwai yiwuwar ruwan da ya haifi sauron yana cikin gidansu, ko gidan maƙwabta, ko makarantarsu. Ashe cutar tana da adireshi. Abin da ke da adireshi kuwa ana iya zana shi a takarda, a bi shi har gida.

Haka mutanen Singafo suke yi. Da zarar an samu mutum 2 ko fiye sun kamu cikin kwana 14, kuma tsakanin gidajensu bai wuce mita 150 ba, hukumar muhallinsu sai ta shata wurin a taswira, ta sa a intanet kowa ya gani. Idan waɗanda suka kamu sun kai 10, unguwar ta zama ja. A rataya ƙyallayen gargaɗi, ma'aikata su shiga gida gida suna leƙa tukwanen furanni da magudanan rufi. Ba sa watsa maganin feshi ko'ina a banza. Inda taswira ta nuna, nan ake dosa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan aiki. Ku tuna yaƙin shan-inna. Tun daga 2012 aka riƙa amfani da hotunan tauraron ɗan'adam ana zana unguwannin Kano da ƙauyukanta, masu ɗiga allurar rigakafi suna yawo da wayoyin da ke nuna duk lungun da suka taka. Da haka aka gano rugage da ƙananan ƙauyuka da ake tsallakewa ba da sani ba. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Taswira na cikin makaman da suka ci wannan yaƙi, kuma a ƙasarmu aka yi.

Amma ku saurara da kyau. Tauraron ɗan'adam yana ganin kududdufi, yana ganin rufin kwano, yana ganin inda gidaje suka cunkushe. Ba ya leƙa randa. Ba ya ganin tsohuwar tayar da aka jingina a bayan madafa, ruwan sama ya kwanta a cikinta. Ba ya ganin kaskon ruwan kaji, ko duron da murfinsa ya ɓace tun bara, ko gwangwanin tumatir a bayan katanga. Nan ne gidan wannan sauron, domin ruwan ajiya yake so, mai tsabta ma, wanda muke sha muke girki da shi. Wa ya san waɗannan wurare? Uwargida ta sani. Yaran gida sun sani. Ɗan ga-ruwa ya sani. Mai faci ya san adadin tayoyin da ke jibge a bayan rumfarsa.

Don haka taswirar a hannunmu take. Mu zana ta!

Matasan majalisa, ku samo kwali babba da biro. Ku zana layukan unguwa, ku sa masallaci, ku sa makaranta, ku sa famfo da rijiya. Ku zagaya da ƙafa. Duk inda kuka ga tarin taya, ku ɗiga baƙi. Duk kangon da aka fara gini aka bari da ramin ruwa a buɗe, ku ɗiga baƙi. Duk gidan da asibiti ta tabbatar an kamu, ku ɗiga ja, ba tare da rubuta sunan kowa ba, don ciwo ba abin gori ba ne. Mai waya ya buɗe Google Maps ya ɗauki alamar wurin. Sannan ku kai wa mai unguwa, ya ajiye a zaure, ya aika da kwafi ga duba-gari da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Inda ja da baƙi suka haɗu, nan za a fara.

Iyayenmu mata, babban aikin naku ne. Sauron nan daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 kawai yake buƙata. Kun ga ke nan tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ba ta isa ba, kafin ta zagayo ya yi jikoki. Kowane mako ku juye randa. Zubar da ruwan kaɗai ba ya wadatarwa, domin ƙwan yana manne a jikin randar, daidai saman inda ruwa ya tsaya, kuma yana iya yin watanni a bushe yana jiran a sake cikawa. Ku sa soso ku dirje. Ku dirje, ku ɗauraye, ku cika, ku rufe ruf.

Magidanta, kada mu ƙara cewa kowane zazzaɓi maleriya ne. Wanda ya sayi magani a kemis ya kwanta a ɗaki, ba zai taɓa bayyana a taswirar kowa ba, sauro kuma zai cije shi ya kai wa maƙwabci. A je asibiti a gwada jini. Idan gwajin maleriya bai nuna komai ba, a tambayi likita batun denge. A sha ruwa sosai. A sha farasitamol, a guji asfirin da ibuprofen, suna iya jawo zubar jini. Mara lafiya ya kwanta cikin gidan sauro ko da rana tsaka. Idan zafin jiki ya sauka amma ciki ya murɗa, amai ya ƙi tsayawa, ko jini ya fito ta hanci ko dasashi, kada a jira gari ya waye.

Malamai, ku faɗa a huɗuba. Malaman makaranta, ku ba yara aikin gida su ƙirgo mazuban ruwan gidansu. Masu faci, ku huda tsofaffin tayoyi ko ku kai su ƙarƙashin rumfa. 'Yan ga-ruwa, ku rufe jarkoki. Kansiloli, ku karɓi taswirar nan ku tura masu feshi inda ta nuna, ba ƙofar gidan manya ba.

Kada mu jira damina ta kankama. Yau ka leƙa bayan ɗakinka. Yau ki buɗe randarki ki duba, in kin ga tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki, juye ta yanzu. Asabar mai zuwa, a fito da kwali da biro a ƙofar mai unguwa!