Raddi Ga Masu Cewa Fim Ba Zai Amfani Dambe A Zango Ba

Masu adawa da shirya finafinan faɗa don ɗaukaka damben Turawa a unguwannin Zango na Nima da Mamobi da Kawukudi suna kafa hujja da abubuwa uku, kuma babu ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa.

Da farko sun ce unguwar Bukom ta fitar da zakarun duniya ba tare da fim ba. Gaskiya ne: D.K. Poison ya ci kambun duniya a 1975, Azumah Nelson a 1984, Ike Quartey a 1994. Sai dai yaron Bukom yana tashi ne cikin gidajen horo, yana ganin gwarzo da idonsa, shi kuwa yaron Kawukudi idonsa ya fi sabawa da filin ƙwallo. Abin da yaro bai gani ba, ba zai yi sha'awarsa ba. Mu Hausawa ma mun san ƙarfin hannu kaɗai ba ya yaɗa suna, domin da ba don waƙar Ɗan Anace ba, mutum nawa ne za su san Shago a yau? Aikin da makaɗi ya yi wa ɗan damben jiya, shi kyamara za ta yi wa na yau. Finafinan Bruce Lee sun cika makarantun kareti da kunfu a farkon shekarun 1970, kuma Ong-Bak na 2003 ya kai damben Tailan inda bai taɓa zuwa ba.

Na biyu, wai fim zai ƙara rura wutar daba, suna tuna mana rikicin matasan Nima da Mamobi na Janairun 2022. Tsoron nan ba na banza ba ne, amma an ɗora shi inda bai dace ba. Da adduna da bindiga aka yi wancan rikici, ba da safar dambe ba. Dambe yana da alƙali, da ƙararrawa, da mai horarwa da ake yi wa biyayya. Fim da ya nuna gudun asuba da ladabin almajiri ga malaminsa kishiyar daba ne.

Na uku, wai wasan baƙo ne. Al'ummar da mahautanta suka gaji ɗaura zare a hannu ba za a ce naushi baƙonta ba ne.

Sharaɗi ɗaya ne na yarda da shi: idan yaro ya gama kallo, ya sami gidan horo a unguwarsa. Sarakunan Zango da attajiranmu da masu shirya fim, ku haɗa biyun tare.