Tarakta Sikeli Ce, Ba A Daidaita Ta Da Ɗan Mutum

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Katagum, ba abin da ya kai tarakta daraja. Tun daga Azare har Madara, Chinade, Gamawa da Sakwa, manomi kan biya kuɗin haya ya zauna jiran layi, direba kuwa ya fita tun asuba, ba ya kashe inji sai bayan magariba. A cikin wannan gaggawa ne akan ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a makon nan: tarakta ta ɗaga haro a baya, a gabanta kuma, inda ya kamata a ga ƙarafan nauyi, sai ga yaro ɗaya ko biyu bisa murfin inji, wai su danne mata kai.

Tarakta dai ba baƙuwa ba ce a Jihar Bauchi. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe masana'antar Steyr mai haɗa tarakta a garin Bauchi, sa'an nan a 1981 aka soma shirin bunƙasa aikin gona na jiha, watau BSADP, wanda ya kai malaman gona ƙauyuka. Amma fa daɗewa da abu daban, saninsa daban.

Hannuwan nan 3 da ke bayan tarakta, waɗanda ake maƙala garma ko haro ko rija, dabarar Harry Ferguson ce, mutumin Ailan ta Arewa, kuma ta bazu a duniya tun daga 1939. Sa'ad da garma ke cikin ƙasa, hannuwan kan mai da nauyinta kan tayoyin baya su ƙara kama ƙasa. Amma da direba ya ja liba ya ɗaga ta, sai tarakta ta koma sikeli: tayoyin baya su ne tsakiya, garma a gefe guda, inji a ɗaya gefen. In bayan ya rinjaya, tayoyin gaba sai su riƙa shafar ƙasa kawai, a juya sitiyari ta ƙi juyawa.

Ƙa'idar da masana suka ajiye ita ce, aƙalla kashi 1 cikin 5 na dukan nauyin ya zauna a kan tayoyin gaba. A misali, in tarakta da kayan da ta ɗauko sun kai kilo 3,000, to, gaba na bukatar kilo 600. Abin da ke cike giɓin shi ne ƙarafan nan da ake ratayawa a goshinta a ɗaure da ƙusa. Ba ado ba ne, ba kuma kayan 'yan gwangwan ba ne. Ƙarfe in an ɗaure shi ya ɗauru. Yaro kuwa rami ɗaya ya isa ya zubar da shi, kuma gaban taya zai faɗa.

Tayoyin baya su ma suna da nasu awo, musamman a jigawar wajen Azare inda rairayi ke sa taya ta yi ta juyawa a banza. Akan ɗura musu ruwa kashi 3 cikin 4, a juyo bawul sama a tsaya daidai bakinsa, sauran a bar wa iska, kuma a yi wa tayoyin biyu daidai wa daida. A ƙasashen sanyi sai an haɗa ruwan da magani don kada ya daskare. Mu nan Allah Ya hutar da mu. Sai dai kada a wuce gona da iri, gama nauyin da ya yi yawa gas yake sha, ya kuma danƙare ƙasa. Ga gwaji mai sauƙi: a sa alli a taya, a auna tafiyar juyi 10 da garma a sama, a sake aunawa tana cikin ƙasa. In ragin ya tsaya tsakanin kashi 10 da 15 cikin 100, nauyi ya yi daidai.

A fadamun kogin Jama'are kuwa, wajen garin Katagum, matsalar kafewa ce a laka. Kada a kuskura a ɗaura sarƙa a hannun sama. A ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaurawa, kuma da baya ya fi kyau a fita. Tarakta in ta tashi kifewa ta baya, cikin ƙasa da daƙiƙa 1 takan wuce inda za a iya mai da ita. Wannan ne ya sa ƙasar Suwidin ta wajabta ƙarfen kariya bisa kan direba tun 1959, mu kuwa har yanzu wasu na kwance shi don ya tsare musu shiga ƙarƙashin itace.

Sai maganar hadirolik. Abin da ke riƙe da garma a sama mai ne kawai cikin tiyo. In tiyo ya fashe, ko wani ya taɓa liba, ko da inji a kashe yake, faɗowa za ta yi nan take. Saboda haka duk wanda zai cire ciyawa daga faifan haro ko ya ɗaure noti, ya sauke shi ƙasa, ya kashe inji, ya zare makulli. In kuwa dole sai a sama, a tokare da ƙarfe ko gungumen itace. Ƙarfin man nan ya ninka iskar tayar ƙaramar mota sau 70 zuwa 100, yana iya huda fata kamar allura. Ba a laluben yoyo da hannu, da guntun kwali ake yi. Wanda ya shige shi, ko da ciwon bai fi tsinin ƙaya ba, a garzaya da shi babban asibiti a Azare a gaya wa likita mai ne, don aikin tiyata yake bukata cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba yatsa ko hannu na iya salwanta.

Muna kira ga masu tarakta su mai da ƙarafan nauyi mazauninsu kafin damina, malaman gona kuma su tara direbobi su koya musu waɗannan abubuwa tun da rani. Kai kuma manomi, kuɗinka ka biya, kana da ikon cewa ba a gonarka za a ɗora yaro bisa inji ba. Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma ba a ce mutum ya tare shi a hanya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu damina mai albarka.